Me ake nufi da "holiday romance"?

Kalmar nan baki biyu gare ta. A wurin mutanen Ingila, wani lokaci ana nufin soyayyar da aka ƙulla a wurin yawon hutu, wadda ke mutuwa da zarar kowa ya koma gida. Amma a kasuwar littattafai, musamman a Amurka da Kanada, littafin soyayya ne da labarinsa ke gudana cikin makonnin bikin ƙarshen shekara, galibi Kirsimeti, wani lokaci Hanukka ta Yahudawa. Kamfanin Harlequin, da aka kafa a Kanada a 1949, da Mills & Boon na Landan, wanda ya fara a 1908, suna fitar da irin waɗannan tun kafin Disamba ta kama, don su riski masu sayen kyautar biki.

Sharaɗin irin wannan littafi ba ya canzawa: soyayyar ce kashin bayan labarin, kuma dole a ƙare cikin farin ciki. Marubucin da ya raba masoyan a babin ƙarshe ya ci amanar mai karatu, komai daɗin alƙalaminsa.

Abin da ya bambanta shi da sauran littattafan soyayya shi ne kalanda. Kwanakin a ƙidaye suke. Shi ya sa kantin littattafai, a matsayin wurin da labarin zai gudana, ya dace da shi kamar an auna. Misali, ga ƙaramin kanti da wata ta gada daga kakarta, bashin haya ya taru, mai gini ya ba da wa'adi zuwa 24 ga Disamba. Sai ga baƙo ya shigo, ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara, yana karkaɗe ƙanƙara daga kafaɗarsa, ashe shi ne wakilin kamfanin da ke son sayen ginin. Kantin yana ba marubuci kayan aiki: wasiƙar da aka manta a cikin tsohon littafi, rubutun hannu a gefen shafi, tsohon kwastoma mai shiga sharo ba shanu. Dusar ƙanƙara kuwa aikinta ɗaya ne, ta rufe hanya su kwana biyu ba mafita.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne wajen kashi uku cikin huɗu na littafin, lokacin da ake raba masoyan kafin sulhu. Raggon marubuci yakan jingina rabuwar da rashin fahimtar da kiran waya ɗaya zai warware. Gwani kuwa yakan sa saɓanin ya fito daga kantin kansa: idan ta ceci gadonta, shi ya rasa aikinsa. Tangarɗa ta biyu lissafi ce. Bashin shekara uku ba ya biyuwa da cinikin dare ɗaya, amma sau da yawa haka ake rufe labarin, mutanen gari sun yi layi har bakin titi kowa da littafi a hannu.