Hawan Kilimanjaro don binciken magani: ina kuɗin ke tafiya?

A Ingila da Ostareliya da Kanada an saba ganin ma'aikacin banki ko malamar makaranta ta sanar cewa za ta hau dutsen Kilimanjaro, ko ta taka Babbar Ganuwar Sin, tana roƙon 'yan uwa da abokan aiki su ba da gudunmawa don binciken cutar daji ko ciwon zuciya. Mai ɗan uwa a can wataƙila ya taɓa samun irin wannan saƙo a WhatsApp.

Yaya tsarin yake?

Ƙungiyar agaji ce ke haɗa kai da kamfanin tafiye-tafiye. Kamfanin ya shirya jirgi da masauki da 'yan jagora, mai tafiya kuma ya yi alkawarin tara wani adadi kafin ranar tashi. Yawanci yakan buɗe shafi a JustGiving, wani dandalin intanet na karɓar gudunmawa, ya sayar da kek a ofis, ya shirya wasan kacici-kacici a unguwa. Wuraren da aka fi zuwa su ne Kilimanjaro a Tanzaniya mai tsayin mita 5,895, da sansanin gindin Everest a Nepal mai mita 5,364, da hanyar Inca zuwa Machu Picchu a Peru, inda gwamnati ke ba mutum 500 kacal izinin shiga a rana, har da 'yan dako.

Me ya haɗa wahalar jiki da binciken magani?

Mutane sun fi buɗe aljihu idan sun ga mai roƙon shi ma ya sha wuya. Wanda ya fi nuna haka shi ne Terry Fox, matashin Kanada da aka yanke wa ƙafa saboda ciwon dajin ƙashi. A 1980 ya fara gudu daga garin St. John's na gabashin Kanada da ƙafar roba, da niyyar ratsa ƙasar baki ɗaya don tara kuɗin binciken cutar daji. Ya yi kwana 143 yana gudu, kilomita 5,373, kafin cutar ta kama huhunsa ta tsayar da shi kusa da Thunder Bay. Ya rasu a 1981 yana da shekara 22, kuma har yau ana yin gudun tunawa da shi duk shekara ana tara kuɗin binciken cutar daji. Yawancin masu tattakin nan ma akwai wanda suka rasa: uwa, miji, ko ɗa.

To wa ke biyan kuɗin jirgi da otal?

Nan ne gizo ke saƙar. Tsari biyu ne. A na farko, mai tafiya ya biya kuɗin tafiyarsa daga aljihunsa, duk abin da jama'a suka bayar ya tafi ga ƙungiyar. A na biyu, ya biya ɗan kuɗin rajista kawai, sai a cire kuɗin jirgi da abinci da tanti daga cikin gudunmawar da ya tara. A irin wannan, kusan rabin kuɗin na iya ƙarewa a kan tafiyar kanta. Ƙa'idojin tara kuɗin agaji a Birtaniya sun ce a gaya wa masu bayarwa idan haka ne, amma ba kowa ke faɗa da babbar murya ba. Ni dai ina ganin na farkon ya fi tsabta. Wanda ya ba da fam 20 don binciken cutar da ta kashe mahaifiyarsa yana da haƙƙin sanin ko fam 10 tikitin jirgin wani ya saya. Masu kare tsari na biyu suna cewa ba don tafiyar ba, ko sisi ba za a tara ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. A tambaya dai kafin a tura. Abu ɗaya da ke taimakawa shi ne tsarin Gift Aid, inda gwamnatin Birtaniya ke ƙara fam 1 a kan kowane fam 4 da mai biyan haraji ya bayar.

Akwai haɗari?

Akwai. Daga mita 2,500 zuwa sama iska na fara yin ƙaranci, a ƙolin Kilimanjaro kuwa abin da huhu ke samu kusan rabin na bakin teku ne. Ciwon kai, amai da jiri su ne alamun farko, idan ya tsananta ruwa na taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma maganinsa shi ne a sauko nan take. Ƙarfin jiki ba ya hanawa. Mai cutar sikila kuwa kada ya kusanci irin wannan tsauni ba tare da ganin likita ba.

Su wa ke ɗaukar kayan?

'Yan dako, waɗanda ba a cika ganinsu a hotunan ƙolin dutse ba. Da safe baƙo na shan shayi su ke naɗe tanti, su ɗora buhu a ka, su wuce shi a hanya, kafin ya iso sansani na gaba sun kafa tanti sun tafasa ruwa. A ƙofar shiga Kilimanjaro ana auna kaya da sikeli, doka ta ce kada ya wuce kilo 20. Duk da haka an sha samun ɗan dako da takalmi yagagge da rigar da ba ta maganin sanyin ƙanƙara, ko wanda aka danne wa lada. Ƙungiyar KPAP mai kare haƙƙin 'yan dako, da ke garin Moshi a gindin dutsen, tana bin diddigin kamfanoni kan albashi da abinci da wurin kwana. Tafiyar da aka ce ta jinƙai ce, bai kamata arharta ta fito daga wuyan talakan Tanzaniya ba.

Aikin sa-kai da ake haɗawa da tafiyar fa?

Wasu shirye-shiryen kan ƙara kwana biyu ko uku na fentin aji ko gina banɗaki a ƙauye. Idan mutanen garin ne suka zaɓi aikin, kuma aka biya maginansu, babu laifi. Wanda ya kamata a guje wa shi ne ziyarar gidan marayu. An gano a Nepal da Kambodiya cewa yara da yawa a irin waɗannan gidaje iyayensu na raye, an raba su ne don jawo kuɗin baƙi. Ostareliya ta ɗauki wannan a matsayin nau'in bautar zamani a 2018.

Kuɗin na haifar da wani abu kuwa?

Yana yi, sai dai ba da wuri ba. Sabon magani kan ɗauki sama da shekara 10 daga ɗakin gwaji zuwa kantin magani, kuma yawancin waɗanda aka fara ba sa kaiwa. Gudunmawa na tafiya ne a albashin mai bincike, da firjin ajiye samfurin jini, da kuɗin motar majinyatan da ake gwaji da su. A 2014, lokacin da mutane suka riƙa kwara wa kansu ruwan ƙanƙara suna sa bidiyon a Facebook don tara kuɗin yaƙi da cutar ALS, ƙungiyar ALS Association ta Amurka ta tara dala miliyan 115. Wani ɓangare na kuɗin ya shiga binciken da a 2016 ya gano alaƙar ƙwayar gado mai suna NEK1 da wannan cuta mai shanye jijiyoyi. Har yanzu ba a samu maganin warkar da ita ba, ana ci gaba da aikin.