Ma'anar kalma: "maroquinerie", sunan da Faransawa ke kiran dukanci da shi

Duk wanda ya taɓa leƙa shafin sayar da kaya na wani babban kamfanin Faransa, ko ya yi yawo a titunan Paris yana karanta allunan shaguna, ya ci karo da wannan kalma: maroquinerie. Ana furta ta kamar "marokinri". A taƙaice, dukanci ke nan. Tana nufin sana'ar ɗinka kayan fata irin su jakar hannu, alabe, ɗamara da jakar tafiya, tana nufin kayan su kansu, tana kuma nufin shagon da ake sayar da su. Mai sana'ar shi ne maroquinier, wato baduku. Idan kayan ƙanana ne, kamar alabe ko gidan makulli, sai su ce petite maroquinerie.

Cikin kalmar akwai sunan ƙasa, Maroc, wato Maroko. Daga nan aka samo maroquin, sunan wata jemammiyar fatar akuya mai taushi da ƙwari, galibi ja, wadda Turawa suka daɗe suna saye daga tashoshin Arewacin Afirka suna yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Maroko na da nata majema tun da daɗewa, har yau ana zuwa kallon na birnin Fas. Sai dai wani kaso na fatar da ta yi wannan suna ba a can aka yanka akuyarta ba. Jar akuyar Sakkwato ce, da 'yar'uwarta ta Maraɗi. Majemanmu ne suka jeme ta da bagaruwa, suka rine ta da karan dafi, fatake suka ɗaure ta a bayan raƙuma suka keta Sahara da ita. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin hajojin da ke fita daga birnin zuwa arewa. Mai saye a Turai bai san Kano ba, hannun da ya miƙo masa kayan ya sani, shi ya sa ya laƙaba wa fatar sunan Maroko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A yau kalmar ta rabu da akuya. Yawancin jakunkunan da ake ji da su na fatar maraƙi ne, wasu na kada ko jimina. Idan kuma aka ce maroquinerie de luxe, ana nufin 'yan gidajen nan da farashin jakarsu guda kan kai kuɗin mota. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne manyansu ba da jakar mata suka fara ba.

Hermès da kayan doki ya fara. Thierry Hermès ya buɗe shagonsa a Paris a 1837 yana ɗinka linzami da ragama da sauran kayan dawakin da ke jan kekunan masu hali. A 1880 ɗansa Charles-Émile ya mai da shagon lamba 24 a titin Faubourg Saint-Honoré, inda yake har gobe, aka ƙara da sirdi. Da mota ta zo ta kori doki daga titi, jikoki ba su zauna suna kuka ba, suka ɗauki ɗinkin sirdin nan suka mai da shi kan jaka. Louis Vuitton kuwa maƙerin akwati ne. Ya yi shekara 17 yana yaron shago a Paris, yana haɗa akwatuna yana shirya wa manyan mata tufafinsu a ciki, kafin ya buɗe nasa a 1854. A lokacin murfin akwatin tafiya mai ƙusumbi ne don ruwan sama ya zurare. A 1858 ya fito da mai shimfiɗaɗɗen murfi, lulluɓe da zane mai kauri da ruwa ba ya ratsawa, wanda za a iya ɗora wani bisa wani a jirgin ƙasa ko na ruwa. Goyard, na 1853, da Moynat, na 1849, su ma daga akwati suka taso.

Ga wani abu da masu saye da yawa ba su lura da shi ba. Jakar Louis Vuitton mai ruwan ƙasa-ƙasa da haruffan LV da furanni, wadda Georges Vuitton ya zana a 1896 don ya wahalar da masu kwaikwayo, jikinta ba fata ba ne. Zane ne da aka shafe da wani abu mai kama da roba. Fatar tana hannu da gefe-gefe, ita ce ke fara da fari-fari, ta yi ta duhu da shekaru har ta koma launin zuma. Masu kwaikwayon kuwa, duk wanda ya shiga kasuwa ya san ba su daina ba.

Inda na fi son a tsaya a duba shi ne ɗinkin, domin nan ne hujjar tsadar ta fi ƙarfi. Faransawa na kiransa point sellier, ɗinkin masu sirdi. Baduku zai zauna ya danne fatu biyu a cikin wani matsen katako da yake riƙewa da cinyoyinsa, hannayensa biyu su zama a sake. Tun kafin nan ya riga ya buga wani ƙarfe mai haƙora a kan layin ɗinkin, ya bar alamun da suka ɗan karkace. Zare ɗaya ne, na lilin, an goga masa kakin zuma, allura ɗaya a kowane bakinsa. Sai ya huda rami da tsinken ƙarfe, ya zura allurar dama ta fita hagu, ta hagu ta bi ramin nan ta fito dama, ya ja duka biyun da ƙarfi daidai wa daida. Rami na gaba ma haka, har ƙarshe. Keken ɗinki zare biyu yake sarƙewa, na sama da na ƙasa, idan ɗaya ya tsinke sai ɗinkin ya kama warwarewa. A nan ko zare ya tsinke a wuri guda, ɗaya ɓangaren na riƙe da ramin. An ƙirƙiro shi ne don kayan da doki zai fizga da gudu, inda tsinkewa na nufin hatsari. Bayan ɗinki sai gefen fatar: a goge, a shafa launi, a bi da ƙarfe mai zafi, a sake gogewa, sau da yawa, har bakin fatu biyun ya haɗe kamar abu ɗaya.

A gidan Hermès mutum ɗaya ne ke haɗa jaka tun daga yankakkun fatu har ta kammala, aikin da kan ci awa 15 zuwa 20, kuma akan buga alamar da za a gane wanda ya yi ta. Ba kowane gida ke haka ba. Da yawa daga cikin masu manyan sunaye da keke suke ɗinki, aikin kuma a rarrabe yake tsakanin ma'aikata. Kalmar maroquinerie ita kaɗai ba ta yi wa kowa alkawarin ɗinkin hannu ba.

Ba kuma zan ce awa 20 na aikin hannu ne ke kai farashi inda yake ba. Akwai labari a ciki, kuma labarin ma sayar da shi ake yi. Jakar Hermès da ake kira Kelly ta samo suna daga Grace Kelly, gimbiyar Monako, bayan hotunanta da jakar sun bazu a 1956. Jakar Birkin ta fito a 1984, bayan shugaban Hermès na lokacin, Jean-Louis Dumas, ya zauna kusa da Jane Birkin, mawaƙiya kuma 'yar fim, a jirgin sama tana ƙorafin rashin jakar da za ta ɗauke mata tarkacenta. Wannan jaka ta farko, da duk tabon da ke jikinta, an yi gwanjonta a Paris a watan Yulin 2025 a kan kusan Yuro miliyan 8.6. Ba zare da allura aka saya a ranar ba.

Duk da haka, abin da Faransa ta yi wa sana'ar ya wuce talla. Sun ba ta takarda da daraja. Yaro na iya shiga makaranta ya fito da shaidar gwamnati ta dukanci. Tun 1924 ake gasar fitar da gwanin gwanaye a sana'o'in hannu, wadda ake kira Meilleur Ouvrier de France, kuma wanda ya ci yakan sa abin wuya mai launin tutar ƙasa. A 1954 gidajen kayan alfarma suka haɗa ƙungiyarsu, Comité Colbert, don su riƙa magana da murya ɗaya. A 2021 Hermès ya buɗe makarantarsa ta horar da dukawa. Manyan kamfanonin har majemu suke saye don kada fata mai kyau ta kuɓuce musu, kamar yadda Hermès ya sayi Tanneries du Puy a 2015. Kalmar da suke yawan haɗawa da wannan duka ita ce savoir-faire, iya yi, wato ilimin da ke hannu, wanda sai an zauna gaban mai gida ake ɗaukarsa.

A Nijar, inda Faransanci ya daɗe a ofis da makaranta, kalmar ba baƙuwa ba ce. Badukun Damagaram da ke ɗinka gafaka da alabe da kube, ko wanda ke da rumfa a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata a Yamai, idan aka zo rubuta sana'arsa a takarda, maroquinier za a rubuta. Fatar da ke kan cinyarsa kuwa sau da yawa ta jar akuyar nan ce, jemammiya da bagaruwa. Masu yi wa littattafai bango a Ingila sun daɗe da ba ta wani sunan na dabam, suna ce mata "Niger".