Waiwaye: New Lanark, Garin Masaƙa a Ƙasan Kwari

A kudancin Sikotland, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Glasgow, kogin Clyde yana kutsawa cikin wani kwari mai zurfi, yana faɗowa daga dutse zuwa dutse. Mafaɗar ruwan da ta fi girma a wurin, Corra Linn, tsayinta ya haura mita 25. Ƙasa da ita kaɗan, inda kwarin ya ɗan buɗe, akwai jerin dogayen gine-gine na dutse, wasu hawa biyar wasu shida, sun jeru a gefen ruwa, gidajen kwana kuma sun manne a jikin tudu a bayansu. Nan ne New Lanark. Mazaunansa a yau kimanin 200 ne, alhali a wajajen 1820 sun kai kusan 2,500, kuma masaƙarsa tana cikin mafiya girma a Birtaniya a lokacin. Wanda yake son gane yadda aka yi wannan hawa da sauka sai ya fara da kwarin, domin shi ya tsara kusan duk abin da ya faru da garin.

Kafin 1785 babu gari a wurin, sai daji da duwatsu. Tsohon garin Lanark yana can bisa tudu, tafiyar kilomita 2 da ɗoriya. Abin da ya sauya lissafi shi ne injin kaɗin auduga da Richard Arkwright ya yi wa rajista a Ingila a 1769, wanda ke kaɗa zare da yawa lokaci guda, amma yana bukatar ƙarfin da ya fi na hannu. A zamanin injin tururi bai gama shiga masaƙu ba, saboda haka duk mai son kafa babbar masaƙa sai ya nemi kogi mai gudu. A 1784 Arkwright ya ziyarci wurin tare da David Dale, wani attajirin Glasgow mai fataucin zare kuma wakilin banki. Suka ga ruwan da bai ƙafewa rani da damina, suka ƙulla. Haɗin gwiwar bai daɗe ba, Arkwright ya janye, Dale ya ci gaba shi kaɗai. Aka yi madatsa a kogin, aka fasa dutse aka yi wa ruwan hanya ta ƙarƙashin ƙasa, ya fito ya bi magudana a bayan gine-ginen, yana juya manyan wilin da ke tafiyar da injuna. An fara kaɗi a 1786. Gobara ta cinye ginin farko a 1788, aka sake tayar da shi.

Ruwa ya samu, amma mutane fa? Nan ne tarihin garin ya fi nauyi, kuma nan ne masu ba da labarinsa suka fi saurin wucewa. Manoman yankin ba sa son aikin masaƙa. Mutumin da ya saba da gonarsa ba ya yarda ƙararrawa ta tashe shi, ta kuma kulle shi cikin ɗaki mai ƙura har dare. Dole Dale ya nemo waɗanda ba su da zaɓi.

Rukuni na farko yara ne. Gidajen ajiye matalauta na Glasgow da Edinburgh cike suke da marayu da yaran da iyayensu suka kasa riƙewa, hukumomi kuma neman kai suke yi da su. Aka riƙa miƙa su ga masaƙa da sunan koyon sana'a, babu albashi, sai ci da sutura da makwanci. A shekarun 1790 mafi yawan ma'aikatan New Lanark yara ne, wasunsu 'yan shekara 6 ko 7. Suna shiga aiki ƙarfe 6 na safe, su tashi ƙarfe 7 na yamma, sannan a zaunar da su a aji. An shaidi Dale da cewa yana ciyar da su da kyau, yana tsabtace makwancinsu, ya kuma ɗauki malamai, abin da takwarorinsa da yawa ba su yi ba. Wannan gaskiya ne, kuma ya cancanci a faɗa. Amma yaron da ya wuni a tsaye gaban inji, me zai shiga kansa da daddare in ba gyangyaɗi ba?

Rukuni na biyu mutanen tsaunukan arewacin Sikotland ne, masu magana da harshen Gaelic, waɗanda talauci da tsadar hayar ƙasa suka kora, wasu kuma masu ƙasa suka tashe su don su zuba tumaki a gonakinsu. A 1791 wani jirgin ruwa da ya ɗebo irin waɗannan mutane daga tsibirin Skye zuwa Amurka ya gamu da guguwa, ya fake a tashar Greenock. Dale ya aika musu da tayin aiki da muhalli, wasu daga cikinsu suka fasa hijira suka gangaro kwarin. Har yau akwai jerin gidaje a garin da ake kira Caithness Row, sunan wani yanki na can ƙuryar arewa da ma'aikata suka fito.

Akwai rukuni na uku da bai taɓa taka garin ba. Auduga ba ta fita a Sikotland. Daga tsibiran Karibiyan da kudancin Amurka ake kawo mafi yawanta, kuma bayi 'yan Afirka ne suka noma ta, suka tsince ta. Abin da ke ɗaure kai shi ne Dale kansa ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi ta Glasgow, alhali injunansa da wannan audugar suke ci. Ban ga dalilin ɓoye ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ribar da ta gina makarantun da ake yabon garin da su, da gumin waɗannan bayi a cikinta.

A 1799 wani matashi ɗan Wales mai suna Robert Owen, wanda ya ƙware a harkar masaƙa a Manchester, ya auri Caroline, 'yar Dale. Shi da abokan jarinsa suka sayi masaƙar a kan fam 60,000, ya kama ragama a farkon Janairun 1800, yana da shekara 28. Ya tarar da mutane kusan 2,000, daga ciki akwai yaran gidajen matalauta kimanin 500. Owen yana da aƙida guda da ya rayu a kanta: halin mutum ba shi ke ƙera wa kansa ba, muhallin da ya tashi a ciki ne ke ƙera masa. In haka ne, gyara muhalli zai gyara mutum. Garin da ke ƙasan kwari, mai ubangida ɗaya, wanda gidajensa da kantinsa da hanyarsa duk mallakar kamfani ne, ya dace ƙwarai da mai son gwada irin wannan ra'ayi.

Ya daina karɓo marayu daga gidajen matalauta. Ya hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 10 ba. Ya rage awannin aiki. Ya kafa asusun jinya da ake cire wani ɗan kaso daga albashi ana zubawa. Ya buɗe kanti mai sayo kaya a sari ya sayar da rangwame, ribar kuma ta tafi wajen ɗaukar nauyin makaranta. Wannan kantin na cikin abubuwan da suka zaburar da masu kafa ƙungiyoyin gama kai daga baya, irin ta garin Rochdale na Ingila a 1844. A ranar 1 ga Janairu 1816 ya buɗe cibiyar da ya kira ta gina hali, inda ake karɓar yara tun suna tatata, abin da ake lissafawa cikin makarantun renon yara na farko a duniya. Babu bulala. Ana koyar da karatu da lissafi da labarin ƙasa, da waƙa da rawa, manya kuma suna zuwa darasin dare.

Da farko ma'aikata ba su yarda da shi ba. Baƙo ne, ba ɗan ƙasa ba, kuma sun san masu masaƙa. Abin da ya karya wannan shakku shi ne lokacin da Amurka ta hana fitar da kayanta a 1807, auduga ta yi tsada, masaƙu suka tsaya. Owen ya dakatar da injuna wata huɗu, amma ya ci gaba da biyan kowa cikakken albashinsa. Daga nan maganarsa ta fara shiga.

Sai dai kulawar ta zo da sa ido. A saman wurin aikin kowane ma'aikaci an rataye ɗan guntun katako mai fuska huɗu: baƙi, shuɗi, rawaya da fari. Kullum mai duba aiki zai juya fuskar da ta dace da halin mutum na jiya, baƙi ga wanda ya yi laifi, fari ga wanda ya yi fice, a kuma rubuta a littafi. Ana cin tarar mashaya. Da hunturu akwai dokar hana fita da dare. An naɗa kwamitin da ke shiga gidaje duba tsabta, matan garin suka laƙaba musu sunan mafarautan kuɗin cizo, wasu ma suka rufe musu ƙofa. Ni a ganina haƙƙin matan ne su fusata. Iyali guda a ɗaki ɗaya, gadon yara ana turawa ƙarƙashin na manya da rana, sannan a ce wakilin mai gida zai shigo ya leƙa ƙarƙashinsa. Owen ya fi sauran masu masaƙun zamaninsa tausayi nesa ba kusa ba, amma bai taɓa tambayar mutanen yadda suke so a tafiyar da garinsu ba. Kuma albashin New Lanark bai kai na masaƙun birni ba. Ana zama ne saboda gida mai araha da makaranta da tabbacin aiki.

Masaƙar ta ci gaba da kawo riba mai kauri, wannan ne ma ya sa duniya ta saurare shi. Dubban baƙi suka riƙa gangarowa kallo, har da Nicholas, wanda daga baya ya zama sarkin Rasha, a 1816. Abokan jarinsa na farko sun gaji da kuɗin da yake kashewa a makaranta, aka kai masaƙar gwanjo a 1813, Owen ya sake saye tare da sababbin abokai, cikinsu akwai masanin falsafa Jeremy Bentham da William Allen, wani Kirista mai riƙon addini. Ya matsa wa majalisar dokoki, aka yi dokar 1819 da ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙun auduga, ko da yake an rage mata ƙarfi sosai kafin ta fito. Daga baya saɓani ya shiga tsakaninsa da abokansa masu riƙon addini kan ra'ayinsa game da addini da kuma tsarin makarantar. A 1825 ya karkata zuwa Amurka, ya zuba dukiyarsa a wani gari mai suna New Harmony a jihar Indiana, gwajin da ya rushe cikin 'yan shekaru. Bai sake riƙe New Lanark ba.

Abin da ya biyo baya doguwar gangara ce. Iyalin Walker suka riƙe masaƙar har 1881. Amma duniya ta riga ta juya: injin tururi ya 'yantar da masaƙu daga bakin kogi, suka koma birane kusa da kwal da tashar jirgin ruwa da ɗimbin masu neman aiki. Ruwan da ya jawo Dale ya zama ba dole ba, kwarin kuwa ya zama cikas. Babu filin faɗaɗawa, jirgin ƙasa ya tsaya a Lanark bisa tudu, kowane ƙunshin auduga sai an gangaro da shi, kowane ƙunshin zare sai an haura da shi. Henry Birkmyre na kamfanin igiya na Gourock ya saya a 1881, aka koma yin tamfol da ragar kamun kifi da zaren igiya. A 1898 aka ja wa gidaje lantarki kyauta daga ƙarfin ruwan, ƙwan fitila ɗaya a kowane ɗaki, ana kashewa da dare. Jama'a dai suka yi ta raguwa, matasa suna haurawa tudu ba sa dawowa.

A 1968 aka rufe masaƙar, ayyuka kimanin 350 suka tafi. Garin da aka gina don aiki ɗaya ba shi da abin kamawa. A 1970 aka sayar da gine-ginen ga wani kamfanin gwangwan, harabar ta cika da tarkacen ƙarfe, rufi ya fara zubewa, mazauna suka ragu zuwa ƙasa da 100. An yi maganar rushe garin ɗungurungum.

Abin da ya cece shi shi ne abin da ya kashe shi. Da yake babu mai kwaɗayin fili a ƙasan kwari mai wuyar shiga, ba a taɓa rushe tsofaffin gine-ginen don a yi sababbi ba, kamar yadda aka yi wa unguwannin masaƙu a manyan birane. Garin ya tsaya kusan yadda Dale da Owen suka bar shi. Tun 1963 wata ƙungiyar gidaje ta fara gyara ɗakunan kwana. A 1974 aka kafa gidauniyar adana garin, a 1983 hukuma ta yi amfani da doka ta karɓe masaƙar daga hannun 'yan gwangwan. An ɗauki shekaru ana gyara, kuma da yawa daga masu aikin marasa aikin yi ne da aka ɗauka ƙarƙashin shirye-shiryen gwamnati. Ginin masaƙa na farko ya zama otal a 1998. A 2001 hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Shawarar da na fi yaba wa masu gyaran ita ce ƙin mayar da garin gidan kallo zalla. An haɗe tsofaffin ɗakuna guda-guda aka yi gidaje masu faɗi, wasu na haya wasu na saye, shi ya sa ginin da ya taɓa ɗaukar iyalai goma yanzu ba ya ɗaukar rabin haka, kuma yawan jama'a ba zai sake kusantar na zamanin Owen ba. Yawancin mazaunan suna haurawa Lanark ko Glasgow aiki, wasu kuma suna ci daga baƙin da ke zuwa dubu-dubu a shekara. Magudanar ruwan tana juya injin da ke ba da lantarki, kuma a ɗaya daga cikin gine-ginen an farfaɗo da kaɗi da wani tsohon inji bayan gyaran, sai dai ulu aka koma kaɗawa, ba auduga ba.