Ra'ayin riƙau: me ake riƙewa?

Mai bin labaran duniya a rediyo ya saba jin "masu ra'ayin riƙau" ko "'yan mazan jiya", wani lokaci ana nufin jam'iyyar Conservative ta Birtaniya, wani lokaci 'yan Republican na Amurka ko malaman Iran. Da jin kalmar sai mutum ya hango tsoho mai taurin kai, wanda duk sabon abin da aka kawo sai ya girgiza kai. Akwai irin wannan tsohon, amma kalmar ta fi shi faɗi.

A Turance "conservative" ake cewa, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin adanawa, kiyaye abu kada ya lalace. Wanda ake ɗauka uban wannan ra'ayi shi ne Edmund Burke, haifaffen Dublin, ɗan majalisar Birtaniya. Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, mutane da yawa a Ingila sun yi ta murna. Shi kuwa a 1790 ya rubuta cewa masu rushe komai don su gina ƙasa sabuwa fil da tsarin da suka zana a takarda, jini za su zubar, kuma ƙarshenta wani soja ne zai haye kansu. A 1793 aka fille kan Sarki Louis na 16, a 1799 Napoleon ya karɓe mulki.

Hujjarsa ita ce al'umma amana ce tsakanin waɗanda suka rigaye mu, da mu, da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ya ce son ƙasa daga ƙaramin rukunin da mutum ya tashi a ciki yake farawa, kuma ɗabi'u sun fi dokoki muhimmanci. Nan ne, a ganina, zuciyar maganar take. Babu dokar da ta ce mai shagon unguwa ya auna wa matar maƙwabcinsa mudun gari ya ce "ki kawo in Malam ya samu". Babu wadda ta ce a rufe shago a bi gawa maƙabarta, ko yaro ya karɓi kayan da ke kan tsohuwa. Kunya ce da amana da sanin ya kamata, abin da Bahaushe ke tarawa cikin kalma ɗaya, kirki. Ana daɗewa kafin su kafu, rana ɗaya ta isa a ɓarar da su, kuma ba gwamnatin da za ta iya maido su da takardar umarni. Mai ra'ayin riƙau a wannan ma'ana yana tambayar duk sabon tsari ne: me zai yi wa waɗannan ƙananan abubuwa?

Tambayar takan kai mai ita ga neman sauyi ma. A Ingila ta farkon ƙarni na 19 ana tura yara 'yan shekara shida, bakwai cikin ramin haƙar kwal. Aikin wasu shi ne su zauna su kaɗai cikin duhu, riƙe da igiya, suna buɗe ƙofar iska in amalanke ya taho, su rufe in ya wuce, awa goma sha biyu. Wanda ya tsaya kai da fata a majalisa shi ne Lord Ashley, ɗan jam'iyyar Tory, kakar Conservative ta yau. Dokar 1842 ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa, ta 1847 kuma ta taƙaita aikin mata da matasa a masaƙu zuwa awa 10. Cikin masu adawa da taƙaitawar har da masu ra'ayin gwamnati ta sakar wa kasuwa mara, waɗanda ke ganin kansu su ne 'yan zamani.

Sai dai ba duk abin da aka gada ke da kirki ba, kuma azzalumi ma yana son inuwar "haka muka tarar". A Afirka ta Kudu, jam'iyyar da Andries Treurnicht ya kafa a 1982 don kada a sassauta wariyar launin fata, Conservative ya sa mata suna. A Arewacin Najeriya, tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950 ake yi wa jam'iyyar NPC kallon 'yan mazan jiya, kuma talakan da ya bi Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, ba gaisuwa ko zumunci yake so a kawar ba. Aikin tilas da zaluncin masu karɓar haraji da jangali ne suka ishe shi.

Burke kansa ya faɗa cewa ƙasar da ba ta da hanyar yin gyara ba ta da hanyar kare kanta. Shi ne kuma ya jagoranci tuhumar Warren Hastings, tsohon babban gwamnan Turawa a Indiya, kan zaluntar mutanen ƙasar. An fara shari'ar a 1788, Majalisar Dattawan Birtaniya ta wanke Hastings a 1795.