Ƙungiyoyin Yahudawa a Unguwar Stamford Hill ta Landan: Tambayoyi da Amsoshi

Su wane ne Yahudawan wannan unguwa?

Ƙidayar 2021 ta nuna akwai Yahudawa kimanin 271,000 a Ingila da Wales, fiye da rabinsu a Landan. Na Stamford Hill, a arewacin birnin, galibinsu 'yan Haredi ne, masu tsananin riƙo da addini. Suna haihuwa da yawa, suna magana da harshen Yidish a gida, kuma ba kowa ne mai hali a cikinsu ba. Musulmi da dama na zaune a tituna ɗaya da su.

Wane taimako ƙungiyoyinsu suke yi wa mazauna?

Hatzola, wadda ta fara aiki a unguwar a 1979, tana da motocin ɗaukar marasa lafiya da 'yan sa-kai masu horo, dare da rana, kyauta. Ko ranar Asabar da addininsu ya hana tuƙi, suna fita, domin a wurinsu ceton rai ya fi kiyaye hutun. Akwai asusun da suke kira gemak, inda mabuƙaci ke karɓar rance babu ruwa. Akwai kuma masu wankan gawa da sutura, aikin da ake ba mutane masu daraja.

Shomrim fa, 'yan sanda ne?

A'a. 'Yan sintiri ne na sa-kai da aka kafa a 2008. Ba sa riƙe makami. Idan aka kira su kan sata ko ɓatan yaro ko tsoho, sai su bi sawu har 'yan sanda su iso. A 2013, bayan kisan soja Lee Rigby a Woolwich, an riƙa kai wa masallatai hari, sai Shomrim suka sanya masallatan unguwar cikin wuraren da suke sintiri. Ba rana ɗaya wannan zumunci ya samu ba: tun 2000 Rabbi Herschel Gluck ya jagoranci kafa dandalin tattaunawar Musulmi da Yahudawa a yankin.

Yaya suke kare haƙƙin al'ummarsu a gaban hukuma?

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na jana'iza. A 2017 jami'ar binciken musabbabin mutuwa ta yankin, Mary Hassell, ta ce ba za ta gaggauta sakin wata gawa saboda addinin mamaci ba, kowa ya bi layi. Yahudawa, kamar Musulmi, ba sa son gawa ta daɗe ba a binne ta ba, ga iyalai suna zaman jira cikin baƙin ciki. Ƙungiyar jana'iza ta Adath Yisroel ta kai ƙara, kuma a watan Afrilun 2018 Babbar Kotu ta ce tsarin ya saɓa doka, akwai wariya a cikinsa. Ƙaramar ƙungiyar unguwa ce ta tsaya da lauyoyinta, iyalan Musulmi kuwa suka ci moriyar hukuncin daidai da na Yahudawa.

A matakin ƙasa akwai majalisar wakilan Yahudawan Birtaniya da aka kafa tun 1760, da ƙungiyar tsaro ta CST mai gadin wuraren ibadar Yahudawa da makarantunsu, wadda ke fitar da alƙaluman hare-haren ƙin jinin Yahudawa kowace shekara.

Suna da alaƙa da gwamnatin Isra'ila?

Hatzola da Shomrim da masu jana'iza ƙungiyoyin unguwa ne, sun dogara da gudummawar jama'a. A siyasa kuwa kan Yahudawan Birtaniya a rabe yake. Majalisar wakilan an san ta da goyon bayan Isra'ila, yayin da 'yan Satmar, wani ɓangare na 'yan Haredi masu yawa a Stamford Hill, suke adawa da aƙidar sahayoniyanci bisa hujjar addini.