Waiwaye: Yadda mata suka kamo maza a wasannin duniya

Lokacin da aka farfaɗo da gasar Olamfik a birnin Athens a 1896, ko mace ɗaya ba ta taka fili ba. Pierre de Coubertin, wanda ya assasa gasar, bai ɓoye adawarsa da shigar mata ba. A Paris, a 1900, aka ɗan buɗe musu ƙofa: mata 22 cikin 'yan wasa 997, yawancinsu a tanis da golf.

Daga nan tafiyar ta zama ta hawainiya. An bar su sun yi tseren mita 800 a Amsterdam a 1928, sai aka ce wai ya fi ƙarfin mace, aka soke shi har zuwa 1960. Gudun fanfalaki kuwa sai 1984 a Los Angeles, shekarar da Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci zinare a tseren tsallake shinge. A Landan a 2012 aka shigar da damben mata, Saudiyya da Katar da Brunei suka tura mata karon farko. A Paris a 2024 aka raba guraben daidai wa daida.

Labarin Najeriya ya fi ɗaukar hankali. Tawagarmu ta farko, a Helsinki a 1952, maza ne zalla. Amma zinaren farko da wani ɗan Najeriya ya ci shi kaɗai, mace ce ta kawo shi: Chioma Ajunwa, 'yar sanda, da tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996. Lambobi biyun da muka samo a Tokyo ma na mata ne, Blessing Oborududu a kokawa da Ese Brume a tsalle. Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022. Super Falcons, 'yan ƙwallon ƙafarmu mata, ba su taɓa rasa gurbi a gasar Kofin Duniya ba tun 1991, kuma a 2025 suka ɗauki Kofin Afirka na goma a Rabat, bayan Maroko ta riga ta zura musu biyu.

Duk da haka, leƙa gidan kallo a Agege ko Idi-Araba, nan Legas. Allon ƙofa cike yake da wasannin Firimiya, da wuya ka ga an rubuta Falcons da alli, alhali tauraruwarsu Asisat Oshoala 'yar Ikorodu ce, nan kusa da mu. A unguwanninmu na Hausawa, yarinyar da ta fi kowa gudu a firamare takan daina da zarar ta fara girma. Iyaye suna kawo batun sutura, kuma ba a ce ba su da hujja ba, sai dai dokar ta sauya: FIFA ta halatta rufe kai tun 2014, Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta ci tagulla a wasan takobi da hijabinta a Olamfik ta 2016. Abin da har yanzu ya yi ƙaranci shi ne mata masu horarwa, da fili kusa da gida inda uwa za ta yarda 'yarta ta je bayan Islamiyya.