Digiri a bayan katanga: yaya ake tafiyar da karatun jami'a a kurkukun Amurka?

Wai da gaske fursuna na yin digiri yana tsare?

Ƙwarai kuwa. Shirin da ya fi suna shi ne na Kwalejin Bard da ke jihar New York. Wani ɗalibin kwalejin, Max Kenner, ya assasa shi a 1999, aka fara darussa a 2001. Malaman kwalejin ne ke shiga gidan yari su koyar, kuma takardar digirin da fursuna ke karɓa iri ɗaya ce da ta ɗalibin waje. Shiga ma ba abu ne mai sauƙi ba: sai mutum ya rubuta jarrabawar insha'i, an yi masa tambayoyi baki da baki, sannan a zaɓi kaɗan.

Wa ke biyan kuɗin?

Nan ne gizo ke saƙar. Da can gwamnatin tarayya na bai wa fursunoni tallafin karatu na Pell, irin wanda take bai wa ɗalibai marasa ƙarfi. A 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar yaƙi da laifuka wadda ta hana su tallafin, sai ɗaruruwan shirye-shirye suka durƙushe. Waɗanda suka rage, da masu tasowa irin na Bard, sun rayu ne da gudummawar masu hannu da shuni. Gwamnatin Obama ta buɗe ƙofar gwaji a 2015, majalisa ta ɗage haramcin a ƙarshen 2020, tallafin ya dawo gaba ɗaya a Yulin 2023.

Mene ne ya fi wahala ga mai jagorantar irin wannan shiri?

A ganina, riƙe darajar karatun a wurin da ba kai ke da mabuɗi ba. Darakta na iya tsara jadawali, amma idan aka kulle gidan saboda wata hatsaniya, aji ya tashi. Ana iya sauya wa ɗalibi gidan yari yana tsakiyar zango. Galibi babu intanet, kuma duk littafin da malami zai shigo da shi sai gandirebobi sun duba. Cikin wannan hali, abu mafi sauƙi shi ne a sassauta wa ɗalibai maki don tausayi. Daraktan kirki ba ya yarda, domin digirin da aka bayar saboda tausayi ba zai ci kasuwa ba.

Abin da ya faru a 2015 ya nuna amfanin tsaurin: ƙungiyar muhawara ta ɗaliban Bard da ke gidan yarin Eastern ta kayar da ta Jami'ar Harvard, alhali fursunonin sai sun nemi izini kafin a kawo musu takardun bincike.

Kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Binciken da RAND, wata cibiyar nazari ta Amurka, ta yi a 2013 ya gano cewa yiwuwar komawa kurkuku ta ragu da kashi 43 cikin ɗari ga waɗanda suka yi karatu suna tsare, kuma kowace dala da aka kashe tana rage dala huɗu zuwa biyar na kuɗin sake tsare mutum. Sai dai binciken ya haɗa kowane irin karatu ne, har da koyon sana'a.

Akwai makamancinsa a Najeriya?

Akwai. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiyoyi a gidajen gyaran hali irin su Kirikiri da Kuje, kuma tun zamanin shugabancin Farfesa Abdalla Uba Adamu ta yafe wa fursunoni kuɗin makaranta.